Daminar da Na Yi Kiwon Maruƙa

Karatuna na lakwal, wato boko, a aji huɗu ya tsaya, kuma ba don kaina ya cika ba. Mahaifina ne ya zo wata safiya ya tsaya bakin taga, ya ce wa mushe, malamin ajinmu, gonarsa ta fi allon bango bukatata. Tun daga ranar nake noma a ƙauyenmu da ke kusa da Kore Mairuwa. Amma aji huɗun nan ban bar shi ya lalace ba. Ni ke karanta wa mutane takardar magani, kuma idan baƙo ya zo da faransanci ni ake turawa gaba in gaishe shi, daga nan Allah ya kawo sauran. Saboda haka na daɗe ina ganin duk abin da ya shafi ilimi a zuriyarmu, a wurina yake ƙarewa. Ban sauka daga wannan kujera ba sai daminar da jikata ta zo mini da wani darasin sinadarai wai shi shimi.

Ɗiyar babban ɗana ce, wanda ke can Kwatano yana neman abinci. A Dogon Dutsi ta girma wurin uwarta, can ta yi lise, wato babbar sakandare, can ta ci bak, jarrabawar fita. Ina kiranta amaryata, ita kuma tana ce mini angon da haƙoransa suka yi ƙaura, kamar yadda kowace jika ke yi da kakanta. Tun tana yawo ba takalmi take cewa likita za ta zama, muna dariya. Mu muka gaji da dariya, ita ba ta sauya magana ba.

Da ta sauka daga mota na zaci shagali ya kawo ta. Sai na ga yarinya ta zauna, an ajiye mata fura, ta sa ludayi tana juyawa ba ta kai baki ba.

Na ce, "Amarya, an ce kin ci bak, ke kuma kin zo mini da fuskar wadda anka kora. Ko kin samu wanda ya fi ni ne kina jin kunyar faɗi?"

Ba ta rama ba. A nan na san akwai magana. Ta ce cin bak bai isa ba. Kafin a ɗauki mutum karatun likita sai ya zauna wata jarrabawa a Yamai bayan damina, konkur suke ce mata, masu nema da yawa, wuraren zama kaɗan. A cikin abin da ake tambaya akwai wani reshe na shimi da ake kira organik, ita kuwa ba ta taɓa karanta shi ba. Malaminsu ya samu wani aiki ya tafi tsakiyar shekara, ba a kawo wani ba. A bak ta bar wurin fari fat, sauran darussa suka ɗauke ta. "Amma can, Kaka, ba abin da zai ɗauke ni. Wanda ya bar wuri fari, gida zai koma."

Na ce a kawo littafin. Na sa tabarau, na gyara zama yadda mutanen gida za su gani. Ban ga rubutu sosai ba, sai zane, wasu kamar saƙar zuma, wasu kamar sawun maciji bisa rairayi, da haruffa rataye a jikinsu. Na juya shafi, na kaɗa kai, na sake juyawa. Daga ƙarshe na ce faransancin nan na zamani ne, ba irin wanda aka koya mana ba. Tsohuwata, da take tsintar wake a gefe, ta ce, "Ka dai ce ya fi ƙarfinka, a wuce wurin."

Kowa ya kawo tasa dabarar. Tsohuwa ta karɓo rubutu wurin liman, yarinya ta sha, ba wanda ya hana. Ƙanwar tsohuwar, da ke aure wajen Lugu, ta aiko a ce a kai maganar gaban masu iskoki. Na ce iskokin ƙasarmu ta Arawa ina ganin girmansu, amma ban taɓa jin wadda ta yi lise a cikinsu ba. Abin da ake so mutum ne da ya san zanen nan, kuma yana kusa.

Akwai shi kuwa. A bayan gonakinmu akwai rugar wani tsohon Bafillace, sa'ana, da ya daɗe da kafa bukka har ya koyi ɗan noma. Tsakanin Ba'are irina da Bafillace akwai wasa tun kakanni. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi baƙo ne da saniya ta yi wa jagora ta manta ba ta mai da shi ba. Ɗansa guda ya yi karatu mai zurfi, yana koyar da shimi a wani lise can gabas, kuma kowace damina yana zuwa hutu da iyalinsa.

Na same su da hantsi. Tsohon yana zaune ya miƙe ƙafar da gwiwa ta hana shi sakat. Yana hango ni ya ce, "A'a, yau bawana ya tuna da ubangijinsa? Mi ka kawo mini?"

"Na zo in ga ko iska ta tafi da gidan naka, in tsinto maka shi."

Da muka gama wannan na faɗi abin da ya kawo ni. Mushen ya saurara da kyau, mutum ne mai sanyin magana. Ya ce da son ransa, abin da ba a yi a shekara ba ana iya cusa rabinsa ko fiye kafin kaka, in yarinya tana da kai kuma ana zama kullum. "Amma Baba, dubi gonar." Na duba. Gero na nan, sai dai sai ka rantse kafin a yarda, don ciyawa ta hau kansa. 'Yan'uwansa sun tafi arewa da garke kamar kowace damina, uba ba gwiwa, shi kaɗai ke fama da hauya tun safe har la'asar. Na ga yadda yake riƙe ta, kamar mai gaisawa da wanda ba ya so.

Na ce, "Mushe, ajiye abin nan kafin ka ji wa kanka. Gonarka ta zama tawa. Gayya zan kira."

Gayya ba baƙon abu ba ne gare mu. Kana kiran samarin gari su yi maka noma rana guda, kai kuma ka ciyar da su su ƙoshi, ka kawo makaɗi ya zuga su. Abin da ba a saba gani ba shi ne Ba'are ya kira gayya a gonar Bafillace, don haka har waɗanda ban gayyata ba suka zo kallo da hauyarsu. Ranar ta dace da kasuwar Kore Mairuwa, tsohon ya hau amalanke ya tafi sayen kanwa. Mushen kuma na ce kada ya ɓata ko safiya ɗaya, ya tafi zaurena ya fara da yarinya. Na tsaya ni kaɗai a matsayin mai gona.

Ban taɓa ganin gayya mai kyau irin wannan ba. Makaɗin yana kiran kowane saurayi da kirarin kakansa, ƙura na tashi, ciyawa na kwanciya. Rana ba ta kai tsaka ba aka fita ƙarshen gona. Samari jini ya hau, tuwo bai iso ba, ganga ba ta yi shiru ba. Sai wani ya nuna gangaren da ke gefen gonar, wani fili mai faɗi, kore shar, ciyawa har gwiwa, ko karan gero ɗaya babu. Ya ce, "Ku dubi wata can da ya bari ta mutu gaba ɗaya!" Aka dube ni. Ni kuwa manomi ne ɗan manomi. Na ga ƙasa mai kyau ciyawa ta cinye, zuciyata ta yi zafi. Na ɗaga hannu na ce a gyara wa Bafillace ita ma, ko wake ya watsa, ya ga yadda Arawa ke alheri.

Sun kai tsakiya sai ga matar tsohon ta fito daga ruga a guje, tana kaɗa mayafi sama tana ihu. Ganga ta rufe muryarta. Makaɗin ya ce, "Kun gani? Har Fulani sun fito yi muku guɗa!" Ya ƙara wuta. Kafin ta iso inda za a ji ta, fili ya zama fes, har saiwa.

Mushe ya zo da azahar, jikata na bayansa da littafi. Ya dubi gonar ya yi murmushi. Ya juya ya dubi gangaren, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya gaya mini a hankali cewa wannan ba gona ba ce. Ciyawar da gangan suke barinta. Da ita maruƙan da ba su isa tafiya arewa ba da tsohuwar saniyar tatsa suke rayuwa duk damina, a ɗaure su nan kusa da gida, tun da ko'ina gonaki ne, ba dama a sake su.

Tsohon ya dawo daga kasuwa ya tarar da mu tsaye. Ya daɗe yana kallo daga bisa amalanke. Ya ce, "Shekara da shekaru ina tsaron wurin ga daga shanun mutane. Ashe Arawa ya kamata in yi wa shinge."

Na ce, "To kai ma, mutum ya bar ciyawa har gwiwa bai kafa alama ba?"

"Wace alama? Kai kana kafa wa geronka alama cewa abinci ne?"

Har yau ina ganin da ya soka ko tsumma bisa sanda da ba a yi haka ba, amma na bar maganar. Abin da aka sassabe aka tara, bai kai ko'ina ba. Ruwa kuma ya zaɓi lokacin ya ɗauke ƙafa, fili ya ƙi tsirowa. Dabbobin sai an bi da su ta burtali, a wuce gonaki duka, a kai su gindin dutse inda ba a noma, a wuni can a dawo. Wanda zai yi wannan kuwa mushe ne. Gayyar da na kira don in ba shi lokaci ta cinye har ɗan wanda yake da shi.

Da muka koma gida jikata ta sa littafin cikin jaka, ta ɗauki taɓarya ta shiga daka tare da kakarta. Ina zaure ina jin sautin turmin. Na saba da dakan gidana, na san na mai sauri, na san na mai fushi. Wannan na wadda ta haƙura ne, kuma bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Na bi gari a raina gida gida. Kowane saurayi yana kan maimain gonarsu, ƙaramin ɗana yana kan tamu. Mutum ɗaya ne a garin nan ba ya aikin komai sai ba da shawara.

Washegari da sassafe na isa ruga, yarinya na biye da ni. Na ce a kwance maruƙan. Tsohon ya gane kafin in ƙarasa. Ban taɓa ganin mai ciwon gwiwa ya miƙe da sauri haka ba. Ya kira matarsa da surukarsa su zo su shaida. Ya ɗauko sandarsa da malfarsa, ya ɗora mini malfar da hannunsa, ya ja baya yana dubana.

"Kakana ya faɗa mini ranar ga tana zuwa," in ji shi. "Allah ya nuna mini da idona. Bawa, a kula da dukiyar ubangiji."

"In sun ɓace kada ka neme ni."

"Su ba su ɓacewa. Kai nike tsoro."

Gaskiyarsa. Maruƙan ba su jin Hausa. Na yi musu tsawa irin wadda nake yi wa jaki, suka dube ni suka ci gaba da abin da suke yi. Tsohuwar saniyar ce ta san hanya, ita ke gaba, su a tsakiya, ni a baya ina haki. In ta ga dama ta tsaya, mu tsaya. In ta ga rana ta yi ta juyo gida, mu juyo. Mutanen gari da ke noma gefen burtali sukan ɗago su ce, "Sannu, Ardo! Ina nono?" Na koyi tafiya ina kallon gabana kamar mai tunanin lahira.

Wata rana barci ya ɗauke ni gindin kalgo. Na farka ba maraƙi ko ɗaya. Na bi sawu da sauri, don ni ne wanda in shanu suka yi ɓarna muryata ta fi ta kowa tashi a ƙofar maigari. Na same su cikin wake sun baje, suna ci ba gaggawa. Na duba iyaka, na duba bishiyar da ke tsakiya. Gonata ce. Na tsaya da sanda a hannu, ga ɓarna, ga mai gona, ga makiyayi, na rasa wanda zan kai ƙara.

Mushe da jikata kuwa suna can ƙarƙashin aduwa a ruga, surukar tsohon na gefe tana kaɗa nono. Mushe ya jingine wani tsohon ƙyaure ya mai da shi allo. Da ya ga zane a kwance ba ya shiga kan yarinya, sai ya sa ta mulmula laka, ta tsinto busasshen kashin awaki, ta haɗa su da ƙayar aduwa, abin ya tashi tsaye ana juya shi a hannu. In na dawo da la'asar nakan zauna in huta in saurara. A nan na ji cewa babban cikinsu, karbon, hannu huɗu gare shi, kuma ba ya yarda ko ɗaya ya zauna banza. Na ce to wannan dai ba Bafillace ba ne. Tsohon ya ce ai shi ya sa ake yin sa da laka, kamar kan Ba'are.

Ba kullum ake dariya ba. Da aka yi nisa, mushe ya ba ta irin tambayoyin da ake yi, ya sa ta zauna ita kaɗai. Ba ta samu rabi ba. A hanyar gida tana gabana, na ga tana share ido da bakin hijabi.

"Kaka, in na faɗi fa? Duk wahalar ga da kake sha, da dariyar da ake yi maka."

Na ce, "Wa ya ce miki don ke nike yi? Saniyar nan ce munka fahimci juna. Ita ba ta ce mini haƙorana sun yi ƙaura."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Na ce ta gaya mini abin da ya kayar da ita, ni ma ai ɗan lakwal ne. Ta fara bayani don ta nuna mini ba zan gane ba, kuma ban gane ba. Amma tana cikin yi ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ta tsuguna ta zana wani abu a ƙasa da tsinke, ta ce, "Au! Ashe daga wancan gefen ake fara ƙirga." Tun daga ranar, kowace yamma sai ta karanta mini darasin ranar daga ruga har gida. Sunayen abubuwan dogaye ne kamar zuriyar sarakuna. Ina cewa "to" a inda ya dace, wani lokaci a inda bai dace ba.

Ruwa ya dawo, gangaren ya sake yin kore. Na ce wa tsohon aikina ya ƙare. Ya je ya tsuguna da ƙyar, ya murza ciyawar, ya ce ba ta yi ƙwari ba, in aka sa musu yanzu zawo za su yi. Na yarda, don shi ne masani. Sai daga baya matarsa ta gaya wa tawa cewa ciyawar ta daɗe da isa, shi dai bai gaji da ganina da malfa ba ne.

Gero ya fara nuna, mushe ya koma bakin aikinsa. Kafin ya tafi na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce ba su gama littafin ba, amma ba za ta bar wuri fari ba, sauran kuma ba a hannunsa yake ba. Uwarta ta zo ta tafi da ita Yamai. Ranar da suka fito daga jarrabawar ta kira wayar ƙaramin ɗana, aka miƙo mini. Na ce yaya? Ta ce, "Ban sani ba, Kaka. Na dai rubuta." Na ce ai ni ma da na yi aji huɗu rubutawa na yi.

Jiran nan ya fi kiwon wuya. Ana girbi, ana murna gero ya yi, ni tuwo ba ya wuce mini. Na yi faɗa da jaki, na yi faɗa da mai shayi. Tsohuwa ta ce in ban daina zagaya gida ba za ta ɗaure ni a turke. Duk wayar da ta yi ƙara a garin nan sai in kasa kunne, ko ta wane ce.

Muna gona da hantsi muna ɗaurin dammuna wayar ɗana ta yi ƙara. Ya duba, bai amsa ba, ya miƙo mini. Na kara a kunne, iska na kaɗawa, muryar na yankewa.

"Kaka, kana zaune?"

"Ina tsaye. Faɗi."

"Zauna tukuna."

"Ke, ni zaki koya wa jin magana? Faɗi!"

"An ɗauke ni. Can ƙasa-ƙasa sunana yake, amma yana ciki."

Da na bi shawararta. Sai na samu kaina zaune bisa damin gero, zangarniya na sukata, ban ji ba. Ɗana ya karɓe wayar daga hannuna yana ta kabbara. Na daɗe a nan ina sauke numfashi, ina jin wani ƙulli da ban san girmansa ba yana kwancewa a cikina a hankali.

Can sai ga tsohuwa ta taho daga gida da ƙwaryar furar masu girbi a kai, ba ta san komai ba. Ta gan ni zaune bisa dami, ido jawur, ta sauke ƙwaryar da sauri ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Jikarki ta ci. Miƙo furar nan, yunwa nike ji."